Tafintocin Kwamfuta: Tarihin Juya Tsohuwar Manhaja Zuwa Sabon Harshe

Shekaru da dama tsarin karatun difloma na kimiyyar kwamfuta da hukumar NBTE ta shimfiɗa wa kwalejojin fasaha na Najeriya, har da ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda wadda aka kafa a 1983, yana ɗauke da darussan COBOL da FORTRAN. Ɗalibin da ya tambaya me zai ci da harsunan da suka girmi mahaifinsa bai yi laifi ba. Amsar ita ce harsunan sun ƙi mutuwa ne saboda abin da aka rubuta da su ya ƙi ƙaura. Tun shekarun 1960 ake neman manhajar da za a zuba wa tsohon rubutu ta nan, ya fito ta can da sabon harshe. An ƙera irinta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kowacce ta rage wani aiki, babu wadda ta gama shi, kuma wurin da suke cijewa kusan ɗaya ne.

Asalin maganar yana komawa ga lokacin da babu harshen kwamfuta kwata-kwata. A ƙarshen shekarun 1940 mai rubuta manhaja lambobi yake jerawa, kuma kowace na'ura da nata lambobin. In kamfani ya sayi sabuwa, aikin baya ya zama shara. A 1952 Grace Hopper, wadda ke aiki da na'urar UNIVAC, ta fito da A-0, wani tsari da ke harhaɗa guntayen umarni da aka riga aka ajiye. A Afrilun 1957 ayarin John Backus na kamfanin IBM ya saki FORTRAN, inda masanin lissafi zai rubuta abin da ya yi kama da lissafin allo, manhajar tafinta ta mayar da shi lambobin na'ura. Tana cikin tafintocin farko, kuma aikinta saukarwa ne daga harshen mutum zuwa na ƙarfe. Juyawa daga harshen mutum zuwa wani harshen mutum matsala ce da ta biyo baya.

Ana yawan ba da labarin cewa Hopper ce ta fara kiran kuskuren manhaja da sunan ƙwaro, bayan an ciro wani ɗan malam-buɗe-littafi daga cikin na'urar Mark II ta Jami'ar Harvard. Ƙwaron gaskiya ne, an manna shi a littafin aiki na ranar 9 ga Satumba 1947, littafin kuma yana gidan tarihi na Smithsonian. Amma injiniyoyi sun riga sun saba da wannan lafazi tun zamanin Thomas Edison. Haka kuma ana cewa ita ta ƙirƙiri COBOL. Abin da ke rubuce shi ne ma'aikatar tsaron Amurka ta tara kamfanoni a ƙarshen Mayun 1959 domin ta gaji da biyan kuɗin sake rubuta manhaja ɗaya ga na'urori mabambanta, wani ƙaramin kwamiti na mutum shida, ciki har da Jean Sammet, ya tsara harshen, yana ɗibar abubuwa da yawa daga FLOW-MATIC na Hopper. A Disambar 1960 aka ɗauki manhajar COBOL guda, aka ɗan taɓa ta kaɗan, ta yi aiki a kan UNIVAC da kuma na'urar RCA. Wato shi kansa COBOL, wanda yau ake neman hanyar tserewa daga gare shi, an haife shi ne don kada a sake buƙatar fassara. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin, Howard Bromberg, ya ɗauka ba zai yi rai ba, har ya sayi dutsen kabari aka rubuta COBOL a jiki ya aika wa Charles Phillips na ma'aikatar tsaron. Dutsen yana gidan tarihi, harshen yana banki.

Yaƙin farko a kan fassara yaƙin kasuwa ne. IBM ya fito da na'urar 1401 a 1959, ya sayar ko ya ba da hayar fiye da dubu goma, kamfanoni suka zuba shekaru suna rubuta mata manhajar albashi da ta sito. Wannan tarin rubutu ya zame musu igiya a ƙafa, don barin IBM na nufin farawa daga tushe. A Disambar 1963 kamfanin Honeywell ya sanar da H200 mai sauri da araha, tare da wata manhaja mai suna Liberator da ke juya umarnin 1401 zuwa na sabuwar na'urar. Abokan cinikin IBM suka fara zamewa. Wannan na daga cikin abin da ya sa IBM ya gaggauta sanar da System/360 ranar 7 ga Afrilu 1964, kuma amsar da ya bayar ta canza tarihi fiye da ta Honeywell. Maimakon ya fassara tsohon rubutu, sai ya sa sabuwar na'ura ta riƙa kwaikwayon tsohuwar, manhajar 1401 ta ci gaba da aiki ba tare da ta san an sauya mata gida ba. Daga nan hanya ta rabu biyu, fassara da kwaikwayo, kuma mai kuɗi mai tsoron asara kusan kullum kwaikwayo yake zaɓa. Shi ya sa manyan kwamfutocin IBM na yau suke iya ɗaukar da yawa daga abin da aka rubuta wa kakanninsu. Sauƙin da aka samu a 1964 shi ne bashin da ake biya yanzu.

A 1978 kamfanin Intel ya maimaita dabarar Honeywell a kan kansa. Da ya fito da masarrafin 8086, ya haɗa da CONV86 mai juya umarnin tsohon 8080. Tim Paterson na wani ƙaramin kamfani a Seattle ya lura cewa in har manhajojin da aka rubuta wa tsarin CP/M za su ƙaura ta wannan hanya, suna buƙatar tsarin da zai amsa kiransu yadda CP/M ke amsawa, sai ya rubuta 86-DOS a 1980 da wannan niyya. Microsoft ya saye shi a 1981 ya zama MS-DOS. Har yau ana cewa satar CP/M aka yi. Abin da aka tabbatar shi ne an kwaikwayi yadda ake kiran ayyukansa da gangan, amma binciken da aka yi daga baya bai gano an kwashi rubutunsa ba. Gary Kildall, mai CP/M, ya fito da tasa tafintar, XLT86, a 1981, lokacin da kasuwa ta riga ta fara juya masa baya.

Ya zuwa nan fassarar tana da ɗan sauƙi, don umarnin na'ura ne ake musanyawa da umarnin na'ura. Da aka zo manyan harsuna sai ƙura ta tashi. A 1990 masu bincike a Bell Labs, tare da Stuart Feldman, suka saki f2c mai juya FORTRAN 77 zuwa harshen C. Ta yi aiki sosai, da ita aka samar da kwafin C na LAPACK, rumbun lissafin da masana kimiyya ke dogaro da shi. To amma a duba abu ɗaya. FORTRAN yana fara ƙirga jeri daga 1, C daga 0. FORTRAN yana ajiye jadawali a ma'adana daga sama zuwa ƙasa, C daga hagu zuwa dama. Don kada amsa ta canza, dole f2c ta cika rubutun da ragi da ƙari a kowane lungu, ya fito daidai a wurin na'ura, mummuna a idon mutum. Mai son amsa kawai ya samu biyan buƙata. Mai son ya jefar da FORTRAN ya ci gaba da gyara a C kuwa ya tarar an gudu ne ba a tsira ba. Daga baya masu juya COBOL zuwa Java suka ci karo da irin wannan, har suka raɗa wa abin da ke fitowa sunan zolaya, Jobol.

Shekarar 2000 ce ta tona asirin abin da ke cikin tsofaffin manhajoji. Katin huda na IBM gurbi 80 gare shi, ma'adana kuma da tsada, don haka aka saba rubuta shekara da lamba biyu, 65 maimakon 1965. In 00 ta zo, na'ura za ta ɗauka an koma 1900, lissafin ruwa da na fansho su kife. An rubuta manhajojin bincike masu bin layi-layi suna neman inda kwanan wata yake, sai aka tarar ba kowa ne ya kira gurbin da suna mai ma'ana ba, wani da sunan da shi kaɗai ya san dalilinsa, wani kuma ya mayar da 99 alamar ƙarshen fayil. Wasu kamfanoni ma sun nemi asalin rubutun sun rasa, sai fassarar na'ura kawai ta rage musu. Aka koma kiran tsofaffin ma'aikata daga ritaya, aka tura aiki mai yawa Indiya, inda kamfanoni irin su Infosys da TCS suka ƙara ƙarfi da shi. Mafi yawa ba su juya harshe ba. Da dama ma ba su faɗaɗa gurbin ba, ƙa'ida suka ɗora cewa lamba ƙasa da kaza ta sabon ƙarni ce, sama da haka ta tsoho. An kiyasta kuɗin da duniya ta kashe da dala biliyan ɗaruruwa, kuma COBOL ya fito daga ciki da sabon rai, tunda wanda ya gama kashe kuɗin gyaran gida ba ya rushe shi washegari.

A nan ya kamata a tsaya a ga ainihin abin da ke ba tafinta wuya. COBOL yana riƙe kuɗi yadda akawu ke riƙe shi: a ce gurbi bakwai na naira, biyu na kwabo, ba ƙari ba ragi. In lissafi ya fito da lamba ta uku bayan ɗigo, yanke ta yake yi sai in an ce masa ya cike. Java kuwa, in aka yi amfani da lambobinta na yau da kullum, aka tara 0.1 da 0.2, amsar 0.30000000000000004 take bayarwa. Wannan tafinta mai kyau ta san maganinsa. Abin da ba ta sani ba shi ne ko yankewar nan niyya ce ko sakaci. Mai yiwuwa a 1978 wani ya yanke ne bisa umarnin hukumar haraji, mai yiwuwa mantuwa ce da wasu manhajoji goma suka ginu a kanta tun daga lokacin. In ta gyara, jimillar ƙarshen wata ta saɓa. In ta bari, ta kwashe kuskuren zuwa sabon gida. Abin ya yi kama da littafin bashin tsohon ɗan kasuwa: magajinsa zai iya kwafe sunaye da lambobi tsaf a sabon littafi, amma ɗan jan layin da ke gefen wani suna, wanda ke nufin kada a tambayi wannan sai bayan girbi, ma'anarsa tana kan mamacin. A ganina duk tarihin nan a kan wannan jan layin yake juyawa.

Najeriya ta shiga labarin ta wata ƙofa daban. Tun 1963 IBM ya buɗe cibiyar horo a Jami'ar Ibadan, amma bankunanmu galibi sayen manhaja suke yi daga waje, ba su tara tulin COBOL na kansu kamar na Amurka ba. Matsalarsu ƙaurar bayanai ce. A Yulin 2004 gwamnan Babban Banki, Charles Soludo, ya ce kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, bankuna 89 suka koma 25. Bank of the North, wanda mutanen Arewa suka daɗe da sani, ya narke cikin Unity Bank tare da wasu takwas. Bankuna tara, kowanne da yadda yake ba asusu lamba da yadda yake rubuta suna da lissafa caji, dole a mayar da su littafi ɗaya. Irin wannan bambancin lambobi ne ya sa Babban Banki ya kawo NUBAN mai lamba goma, wadda ta kankama a 2011, tana kuma cikin abin da ya sa taransfa tsakanin bankuna ta yi sauƙin da muke gani.

A waje kuwa darussa biyu suka fito daga harsunan zamani. Python 3 ya fito a Disambar 2008 tare da tafinta mai suna 2to3, kuma harshe ɗaya ne, sabon zubi kawai. Duk da haka sai 1 ga Janairu 2020 aka daina kula da Python 2, bayan an ɗage wa'adin daga 2015. Misali ɗaya ya isa: a tsohon, raba 7 da 2 yana ba da 3, a sabon yana ba da 3.5, tafintar kuma ba ta da hanyar sanin wanne marubucin yake nufi, sai ta bar layin yadda ta same shi. Darasi na biyu ya zo daga Google. Masu harshen Go sun so su mayar da tafintarsu daga C zuwa Go, sai Russ Cox ya rubuta manhajar juyi wadda ba a yi ta don kowa ba sai wannan rubutun kaɗai. Inda C ɗin ya yi mata wuya, suka gyara C ɗin da hannu kafin su ba ta. A Agustan 2015 Go 1.5 ya fito da sabuwar tafintar, da farko ta fi tsohuwar nauyi, suka yi ta sassaƙa ta a shekarun da suka biyo baya. Sun yi nasara don sun san rubutun ciki da bai, kuma suna da tarin gwaje-gwajen da za su nuna musu ko amsa ta canza. Wanda ya gaji rubutun da ba shi da gwaji ba shi da wannan gata.

Bankuna sun nuna farashin abin. Commonwealth Bank na Ostareliya ya fara sauya tsarinsa a 2008, ya shafe kusan shekara biyar, ya kashe fiye da dalar ƙasar biliyan ɗaya, wannan kuwa shi ake kira nasara. TSB na Birtaniya ya ƙaura zuwa tsarin uwar kamfaninsa Sabadell ta Sifen a Afrilun 2018, kusan mutum miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, wasu suka ga bayanan wasu, shugaban bankin Paul Pester ya sauka a Satumba, asara ta kai kimanin fam miliyan 330, hukumomi suka ƙara da tarar fam miliyan 48.65 a 2022. A Afrilun 2020, da annobar korona ta jefa mutane cikin rashin aiki, gwamnan jihar New Jersey, Phil Murphy, ya fito yana cigiyar waɗanda suka iya COBOL. Ana cewa layin COBOL biliyan 220 ke aiki a duniya, adadin da Reuters ta yaɗa a 2017, wani binciken kamfani mai sayar da kayan COBOL kuma ya ce sun haura biliyan 800. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu ta isa ta nuna kiyasi ne, ba ƙirga ba.

Sabon babi ya buɗe a 2020 lokacin da masu binciken Facebook suka nuna TransCoder, wadda ba a rubuta mata ƙa'idojin juyi ba, ta koya ne daga tarin rubutun da ke intanet. A gajerun ayyuka daga C++ zuwa Java ta dace a kusan 75 cikin 100. A Agustan 2023 IBM ya sanar da watsonx Code Assistant for Z don juya COBOL zuwa Java da ƙirƙirarriyar basira. A 2024 hukumar binciken tsaro ta Amurka, DARPA, ta ƙaddamar da shirin TRACTOR na mayar da C zuwa Rust, ganin cewa Microsoft ya taɓa bayyana kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaron manhajojinsa daga kurakuran ma'adana suke. A Agustan shekarar shugaban Amazon, Andy Jassy, ya ce kayan aikinsu sun rage musu aikin da zai ci mutum ɗaya shekara 4,500, sai dai wannan ɗaga Java ne zuwa sabon zubin Java, kuma kamfanin ne ke ba da shaidar kansa. Waɗannan sababbin tafintoci sun warware abin da ya gagari f2c, rubutunsu yana karantuwa kamar na mutum, suna kuma iya bayyana wa sabon ma'aikaci abin da tsohon rubutu ke yi, wanda a wurina shi ne babban amfaninsu. Amma sun zo da tasu cutar. Tsohuwar tafinta in ta kasa takan tsaya ta yi ƙorafi. Sabuwar takan ba da amsa mai tsabta ko da ta kauce, don haka nauyin ya koma kan gwaji: a kunna tsoho da sabo gefe da gefe, a ba su bayanai iri ɗaya, a kwatanta har kwabo.

A shekarar 2024 ɗin ce abin ya iso ƙofar gidanmu. Faɗuwar naira tun tsakiyar 2023 ta sa lasisin manhajar da ake biya da dala ya yi nauyi, yawan taransfa kuma ya fi ƙarfin tsofaffin tsare-tsare. Sterling Bank ya bar T24 na Temenos ya koma SeaBaaS da aka rubuta a gida. A Oktoba Zenith ya bar Phoenix zuwa Flexcube na Oracle, GTBank ya bar Basis na wani kamfanin Jodan zuwa Finacle na Infosys. Babu wanda ya juya rubutu layi-layi, sabo suka saya suka kwashe bayanai, amma tambayar ita ce dai ta dā: me tsohon yake yi wanda babu inda aka rubuta shi? An sanar da 'yan kwanaki na rufewa, ƙorafin abokan ciniki ya ɗauki makwanni.

A Legas mai asusu uku sai ya koma na biyu. A Shinkafi da Zurmi, inda rassan banki ba su da yawa kuma hanyar zuwa Ƙaura ko Gusau ba ta biyuwa ko yaushe saboda 'yan bindiga, teburin mai POS shi ne banki. Mutanen yankin sun riga sun ɗanɗani rufe layukan waya na Satumbar 2021 da ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, wanda ya tura har masu sayar da hatsi da dabbobi ga taransfa. Wanda ya san kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ya san yadda abin ke kasancewa in kuɗi ya maƙale: mai saye yana nuna wayarsa an cire masa, mai sayarwa yana nuna tasa bai ga alat ba, dillali a tsakiya, rago a ɗaure, mota tana shirin tashi kafin la'asar don kada dare ya yi a hanya. Mai POS kuma, wanda ba shi ya kar zomon ba, shi ake riƙe wa riga, jarinsa na rana ya tsaya cak har sai an dawo da kuɗin. Kafin watan Oktoban 2024 ya ƙare hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa, FCCPC, ta fito ta gargaɗi bankuna cewa katsewar na iya zama tauye haƙƙin abokan ciniki, ta ce wanda abin ya shafa ya kai mata ƙara ta intanet ko ta waya.